Kwalin Shayi Daga Ikko

Ikko, Afrilu 1964

Zuwa ga Gwaggo Asabe a Hotoro, ta hannun maigadin masaƙa, Bompai.

Ina gaishe ku da ladabi, da fatan kuna lafiya, ku da duk mutanen gidan. Ni ma lafiya lau nake, in ban da zufa. Garin nan ko wanka mutum ya yi, kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Injin da masaƙa ta turo mu mu koya ya fi namu na Bompai girma da ƙara, amma ya fara jin hannuna. An ce sai ƙarshen damina za a sallame mu.

Gwaggo, ban san da bakin da zan gode muku ba. Zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakata da mahaifiyarku ne ya da ƙanwa, amma ku kuka buɗe wa matata Rahamatu ɗaki. Mahaifiyata Inna Kulu ba ta ji daɗi ba da na ƙi barin surukarta a Calawa. Sai dai tun ɓarin bara, da jinin da yarinyar nan ta zubar har muka fid da rai, na yi wa kaina alkawari ba za ta yi renon wannan cikin nesa da asibiti ba.

Ga saƙo nan ta hannun Sani direba mai jigilar goro: kwali guda na ganyen shayi, irin wanda Turawan kamfani suke sha, da madarar gwangwani da sukari. Na Rahamatu ne. Roƙona a riƙa dafa mata mai kauri duk bayan cin abinci, safe da rana da dare. Haka muke yi a nan. Da mun tsame hannu sai a zo da buta, kowa ya sha kofi guda, abinci ya faɗa, ba kumburi ba kasala, ka koma kan inji garau. Mai ciki kuwa ta fi kowa bukatar haka.

Ku gaishe ta, ku ce kada ta ɗauki abu mai nauyi. Allah ya bar mana ku.

Ɗanku, Muntari.

Hotoro, Mayu 1964

Muntari,

Na amsa gaisuwarka, ina kuma gaishe ka da zufar Ikko. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ya zama abokin zama. Da hannuna nake rubuta maka don ba na son mai rubutun bakin gidan waya ya ji sirrin gida. In ka ga baƙaƙen sun karkace, ajin yaƙi da jahilci ne iyakar karatuna.

Kwalinka ya iso. Da Sani ya dire shi a tsakar gida maƙwabta suka leƙo, sun zaci kanti zan buɗe. Ni dai tuwona nake sayarwa a bakin masaƙarku kamar yadda ka bar ni. Jiniya na busawa abokan aikinka za su yo kaina, kowa sai ya tambayi ɗan Ikko.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na kai Rahamatu awo. Malamar asibiti ta ja fatar idonta ƙasa, ta duba tafin hannunta, sai na ga fuskar malamar ta canza. Ta ce jinin yarinyar nan ya yi ƙasa ƙwarai, in ta haihu a haka ta zubar da ko rabin na bara, ba ta da abin da zai riƙe ta. Ba don in tayar maka da hankali na faɗa ba, amma ba zan ɓoye ba, ni kaina na tsorata. Ta ba mu ƙwayoyin ƙarin jini, ta ce a dage da hanta da wake da ganye.

Shayinka na bi umarni, na yi ta dafawa. Ga abin da idona ya gani. Madara tana tayar mata da zuciya, don haka baƙinsa take sha, mai kauri. In na ajiye mata tuwo sai ta yi loma biyu ko uku idonta na kan buta. Da ta sha sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Can an jima ka same ta a jingine da bango tana dafe ƙirji, ƙwannafi ya taso. Ka ce shayi yana sa abinci ya faɗa. Ai sai an ci abincin tukuna, ɗana.

Saboda haka na raba su. Abinci da lokacinsa, shayi kuma kofi guda da hantsi, lokacin da cikinta ba komai a hanya. Ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Rahamatu tana gaishe ka, ta ce abin yana motsi sosai.

Gwaggonka, Asabe.

Ikko, Mayu 1964

Zuwa ga Gwaggo Asabe,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi, takardarku ta same ni lafiya. Maganar jinin nan ta hana ni sukuni, har Baturen da ke koya mana aiki ya yi mini tsawa don na bar zare ya tsinke ina tsaye ina kallo.

Amma Gwaggo, ku gafarce ni, a maganar shayi ban yarda ba. In jininta ya yi ƙasa, ai yanzu ne ya kamata abin da ta ci ya narke ya shiga jiki, ba ya zauna mata a ciki kamar dutse ba. Ku dubi Larabawan cikin birni. Wane ne a cikinsu yake tashi daga kan akushi bai sha shayi ba? Ga su nan jawur da su. Turawan da suka ƙera injin nan haka suke yi, kuma ba su fi mu wauta ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina yaro a Calawa, in na kai wa Baba abinci gona, nakan bi ta bayan gidan ruwa don kawai in shaƙi ƙanshin shayin da ake dafa wa injiniyoyi. Mu kuwa koko ne da safe, shi ma ba kullum da sukari ba. Ran da na fara aiki a Bompai na ce iyalina sai sun sha abin da manya suke sha. Yanzu ga ni a ƙarshen duniya, ba na iya ɗebo mata ruwa, ba na iya raka ta awo. Kwalin nan shi ne kaɗai hannuna da ya isa gare ta. In kun janye shi, me ya rage mini?

Don Allah a mayar da shi yadda na ce. Ku iyayena ne, amma ni ne mijinta, kuma ku karanta mata wannan takarda ta ji daga bakina.

Ɗanku, Muntari.

Hotoro, ƙarshen Mayu 1964

Muntari,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya sauka, masu gona sun yi shuka.

Na karanta mata takardarka kamar yadda ka ce, ban tsallake ko baƙi ɗaya ba. Ta yi kuka, ta ce, "Gwaggo, umarninsa ne, ki bar ni in sha ko ba na so." Raina ya sosu da maganar bayan gidan ruwa, na sakar mata, muka koma yadda kake so. Sai Allah ya nuna mini abu.

Wata safiya ta gama karyawa, na miƙa mata ƙwayar, amai ya taso mata, ƙwayar ta suɓuce ta faɗa cikin ragowar shayinta. Na ɗauke kofin na ɗora a kan katanga na koma wajen murhu. Da na zo wanke-wanke na duba, abin da ke ciki ya zama baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Na ce ko datti ne. Na daka wata ƙwayar na zuba a ruwan randa, ruwa bai yi baƙi ba. Na zuba a sabon shayi, nan take ya rine.

Muntari, na san wannan baƙin tun ina yarinya. Ubana baduku ne a Ƙofar Wambai, kuma marigayi Malam Isyaku mijina a kamfanin jima na Bompai ya ƙare ƙarfinsa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ka shafa mata ruwan da aka jiƙa kashin maƙera a ciki, haka take yin baƙi, kuma ba mai raba su har fatar ta tsufa. Bagaruwa in ta ga ƙarfe kama shi take yi. Ka kurɓi shayinka mai kauri ba sukari ka ji baurin da yake ɗaure maka harshe, ka gaya mini in ba ɗan'uwan bagaruwa ba ne.

Na rufe kofin da faifai na kai wa malamar asibiti, na ce, "'Yar nan, me ke cikin ƙwayar nan?" Ta ce ƙarfe ne, shi jiki yake bukata ya yi jini, kuma irinsa ne a cikin hanta da wake da ganye. Na nuna mata kofin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba, ba zan ce miki na sani ba. Amma raba su ba zai cutar da ita ba." Na ji daɗin gaskiyarta.

Ni ma ban shiga cikin kowa na gani ba. Amma abin da ya kama ƙarfe a kofi, me zai hana shi kamawa a ciki? Ina saya mata hanta, ina tsinko zogale, sannan in bi su da abin da zai ƙwace amfaninsu? Larabawan da kake faɗa kullum nama suke ci. Kai da Turawanka kuwa babu wanda zai durƙusa naƙuda a cikinku.

Don haka na sake janyewa, kuma wannan karon ko kuka za ta yi ba zan saki ba. Ba shayi kusa da abinci, ba shayi kusa da ƙwaya. Kofi guda marar kauri da hantsi, shi ke nan. Kwalinka yana ƙarƙashin gadona, ba abin da ya same shi. In ka dawo ka yi mini faɗa son ranka, ina nan.

Gwaggonka, Asabe.

Ikko, Yuni 1964, ta hannun Sani direba

Gwaggo Asabe,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ku shiru.

Na rubuto na roƙe ku, ba amsa. Na san ana yajin aiki, gidan waya a rufe, jirgin ƙasa ba ya tafiya, mu ma muna zaune a ɗaki. Amma Sani yana hawa yana sauka, kuma ga shi ya kawo mini takardar Yaya Alhassan, taku kuwa babu.

Yaya ya ce ya je Hotoro duba Rahamatu. A gabansa ta gama cin abinci ta kalli buta, kuka ce mata a'a. Ya ce ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Ya ce kuma da ya bi ta bakin masaƙa ya ga mai shayin da ke kusa da rumfarku da fakiti irin nawa sak. Ban ce komai ba, Gwaggo. Allah ya sani ban so in ji wannan ba. Amma ina nan ba na gani, kuma wadda na ba amana ta yi shiru.

Ba zan iya zama a haka ba. Na rubuta wa Yaya ya zo ya ɗauke ta ya kai ta wajen Inna a Calawa, da kayanta da abin da ya rage a kwalin. Na gode da ɗawainiyar da kuka yi. Don Allah kada a yi jayayya a gaban mutane.

Muntari.

Calawa, Yuli 1964

Muntari,

Gaisuwa, don gaisuwa ba ta faɗa. Dubi saman takardar nan da kyau ka ga daga inda nake rubutowa.

Amsarka na jefa ta a gidan waya tun kafin a shiga yajin, can ta kwana tare da na kowa. Da ka ƙara haƙuri kaɗan da ka karanta. Amma ka zaɓi ka saurari wanda ya ga fakiti a teburin mai shayi, kamar kai kaɗai ne ka san hanyar kanti a ƙasar nan. Ka ce ba ka ce komai ba. Ka ce, Muntari. Ka shafa mini kashin kaji da furfurata, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda kake zato.

Alhassan ya zo da motar haya, ya kasa haɗa ido da ni. Na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado na buɗe shi a tsakar gida, a gaban maƙwabtan da ka ce kada su ji. Ya gan shi kusan a cike, ya yi ta susar ƙeya. Ban hana su tafiya ba, maganar miji ce. Amma ba ka rubuta cewa kada in bi ta ba. Na bar wa Indo maƙwabciyata rumfa da tukwane, na hau motar yashi da ke komawa kogi, muka ratsa ta Sharaɗa cikin taɓo, na sauka a ƙofar gidanku.

Abin da na tarar shi na zata. Kulu tana dafa shayin baƙi wuluk bayan kowane tuwo, a kofin tangaran, tana kiran matan maƙwabta su ga abin da ɗanta ya aiko daga Ikko. Ƙwayoyin asibiti an ƙulle su a tsumma an soke a rufin ɗaki. Ban ga laifinta ba, alfahari take yi da kai. Na zaunar da ita na yi mata bayani, har na rina mata kofi a gabanta. Ta ce, "Asabe, ke da tsibbace-tsibbacenki. Cikin mutum kofi ne? Yaro ya yi wahala ya aiko, ke ki ce ba za a sha ba. A gidan nan za a sha." Na ce, "Matarmu, ba ke ce za ki zubar da jinin ba." Ta tashi ta bar ni a zaune.

Ran Juma'a ta tafi barka Kumbotso. Na shiga wajen Rahamatu na ce, "Ina aka ajiye kwalin?" Tana ta haki daga ɗan tashin da ta yi. Can ta ce, "Gwaggo, ina jin tsoron ranar nan. Ba na son in mutu in bar abin da zan haifa." Sai ta nuna mini bayan randa da haɓa. Ka sani, ba ƙwacewa na yi ba.

Na aro tukunyar biki, na dafa shayi da madararka da sukarinka duka, aka kai ƙofar masallaci bayan la'asar. Manoma suka sha, masu haƙar yashi suka sha, leburorin gidan ruwa suka sha har da ƙari. Ganyen da ya rage na raba shi fakiti-fakiti ga tsofaffi da gajiyayyu, na kai wa liman Malam Mamman nasa. Na ce a sanar sadaka ce daga Muntari na Ikko, don Allah ya sauki iyalinsa lafiya. Liman ya ɗaga hannu ya yi ta yi maka addu'a, jama'a na amin.

Kulu ta dawo ta tarar da mutane cike da ƙofar gida, kowa na ce mata, "Allah ya yi wa ɗanki albarka, Inna, kin haifi ɗa." Me za ta ce? Wa ya taɓa bin gida-gida yana karɓo sadaka? Ta yi ta amsa amin tana murmushi, idonta na kaina. Da aka watse ta ce, "Na rantse da Allah, ƙafarki ba za ta taka gidan nan ranar suna ba." Na ce na ji, amma kafin suna akwai haihuwa, kuma ba ki rantse a kan wannan ba.

Ina nan a ɗakin Rahamatu, tabarmata a bakin ƙofa. Na sauko da ƙwayoyin. Tana cin tuwo har ta suɗe kwano. In ka sake aiko da wani kwalin, mutanen Calawa za su sake yi maka addu'a.

Asabe.

Ikko, Yuli 1964

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ku, kaina a ƙasa. Takardunku biyu rana ɗaya suka iso, ta Hotoro da ta Calawa. Na fara buɗe ta Calawa, na yi fushi. Sannan na buɗe tsohuwar.

Na ɗebo garin ƙarfe a wajen masu gyaran inji na zuba a kofina na ajiye. Ya yi duhu. Abokaina suna ta dariya, wani ya ce ciki ba kofi ba ne, kamar yadda Inna ta faɗa. Ban san mai gaskiya ba, Gwaggo, har yanzu ban sani ba. Ni dai in na sha bayan abinci daɗi nake ji. Amma maganar mai shayin bakin masaƙa, wannan kam ban da bakin kare kaina. Ku yafe mini.

Ba zan sake aiko da komai ba. Sai dai ba zan iya rubuta wa Inna in ce ta janye rantsuwarta ba, uwata ce, kuma a gaban jama'a aka ɗaure mata hannu. Na nemi a ba ni hutu in zo, an ce wanda ya tafi kafin a gama ya tafi ke nan. Da na so in ce ku mayar da ita Hotoro, amma Yaya ya ce hanya ta lalace, jijjigar mota za ta iya jawo abin da muke gudu. Ni na kai ta inda na rantse ba za ta zauna ba.

Ku gaya mini gaskiya, ba don ku kwantar mini da hankali ba. Za ta tashi?

Ɗanku, Muntari.

Hotoro, Agusta 1964

Muntari,

Gaisuwa da barka. Ka samu 'ya mace, mai ƙarfin murya, da hanci irin na gidanku, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Na san Alhassan ya buga maka waya ta telgiram, amma waya ba ta faɗin yadda aka yi. Ban amsa tambayarka a lokacin ba don ban san amsar ba, kuma ka ce kada in yi maka ƙarya.

Naƙuda ta tashi da safe ana tafka ruwa. Na riga na yi magana da direban motar yashi cewa in ta kama zai kai mu asibiti, amma rafi ya cinye hanya, ko jaki ba ya wucewa. Ungozoma ta zo, muka duƙufa. Kafin azahar yarinya ta faɗo tana tsala kuka, mata suka fara guɗa a tsakar gida. Mu da ke cikin ɗaki ba mu yi guɗa ba, don jini ya ɓalle.

Ba zan kwatanta maka ba. Zane bayan zane. Kulu ta riƙe kan Rahamatu, ni na riƙe hannuwanta, ungozoma tana murza mata mara. Ba wadda ta tuna da faɗa a cikinmu. Kulu tana kuka tana cewa, "Asabe, tafiya za ta yi." Na ce, "Ba inda za ta." Na faɗa ne kawai. Ina ta kiran sunanta, tana amsawa ƙasa-ƙasa, ina cewa kada ki kuskura ki yi shiru. Sai mabiyiya ta faɗo, jinin ya fara ja da baya, ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ta yi fari fat, amma ba ta daina amsawa ba ko sau ɗaya. Da la'asar ta ce a ba ta kunu.

Kada ka ce na ce ni na tsare ta. Allah ne ya tsare ta. Ban kuma ce shayinka ne kaɗai ya shanye mata jini ba, ɓarin bara ya yi nasa. Abin da na sani shi ne ta zubar da abin da ya kai na bara, kuma wannan karon akwai saura. In da za a mayar da ni baya, tukunyar nan zan sake arowa.

Maganar yafiya, na yafe. Maganar suna kuwa ka bar ta. Liman ya aiko a ce wa Kulu ta yi kaffara ta bar ni in zauna, ita ma na ga alamar tana so a matsa mata. Na ce a'a. Ba zan sa tsohuwa azumi saboda tuwon suna ba, kuma ban zo Calawa don a gayyace ni ba. Abin da ya kawo ni ya ƙare. Ana gobe suna na naɗe tabarmata.

Na shiga na yi wa Rahamatu sallama tana kwance, na ce ta ci gaba da ƙwayoyin har su ƙare, ta sha da ruwan randa. Na sumbaci jaririyar na fito. Kulu tana bakin murhu tana dama kunun kanwa, ta juya mini baya, amma ta sa an ɗaura mini tsarabar daddawa a cikin kayana. Na ratsa tsakar gida ni kaɗai, kowa na tsoron ya raka wadda aka rantse a kanta.

Har na sa ƙafa a zaure sai na ji takun mutum a bayana. Na waiwaya, Rahamatu ce, ta ɗaura zane, 'yarta a kafaɗa, ba ta dafa bango ba, ba wanda ya riƙe ta. Kulu ta ce, "Ke, mai jego, koma ki kwanta!" Ta ce, "Inna, Gwaggo zan raka." Ta tako har bakin zaure da ƙafarta, ta tsaya a nan tana kallona har na sha kwana.

Ga amsar tambayarka nan. Ta tashi.

Gwaggonka, Asabe.